Minti Ukun da Kawu Ya Yanke

Na Allah ne mu, kuma wurinsa za mu koma. Kawuna, yayan mahaifiyata, ya riga mu tafiya ranar wata Talata a Kano, sati uku bayan ya miƙa mini makullin ɗakinsa na unguwar Dengfeng ya ce zai je a duba masa ƙirji ya dawo. An yi masa sutura ba mu nan. Mu mutanen Guangzhou ta ƙasar Sin abin da ya rage mana shi ne mu buɗe ɗakin, mu shimfiɗa tabarmi, mu zauna karɓar gaisuwa kwana uku.

Jama'a sun zo, ba laifi. Lauban ɗinsa na kasuwar Zhanxi Lu, wato mai shagon da yake sarin takalma a wurinsa, ya zo da ledar lemo, ya tsaya a bakin ƙofa ya rasa ko ya cire takalmi ko ya bari. Matar da ke da gidan, wadda ta yi shekaru tana buga mana ƙofa duk Juma'a a rage sauti, ta leƙo ta nuna sifikar da ke kan tebur ta ce, "Meyo?" Babu ke nan da yarensu. Na ce mata meyo. Ta sa bayan hannu ta goge ido ta sauka. 'Yan kasuwar Kano sun zo, na Maraɗi da Damagaram sun zo, ɗalibai ma sun baro jami'o'insu sun zo.

Sai dai ni sana'ata ita ce neman abin da aka ɓoye. Ni ke buɗe kwalayen takalma kafin a loda kwantena, kuma na taɓa ganin an jera masu kyau a sama, ƙasa duk ƙafar hagu. Don haka ko a zaman makoki kunnena ba ya hutu. Na ji wani ya ce, "To, an dai ce a ambaci mamaci da alheri," ya faɗe ta kamar mai rufe tukunya da murfin da bai kai ta ba. Na ga mutum biyu sun kalli akwatin kaset-kaset da ke gefen gado, sun kalli juna, sun sunkuya. A rana ta uku surukin Kawu, mijin babbar 'yarsa, mai harkar riguna a kasuwar Shisanhang, ya matso kusa da ni.

Ya ce, "Allah ya jiƙan Baba. Amma ka ga ya tafi bai ba mu amsar kaset ɗin nan ba."

Na ce, "Nan wurin addu'a ne."

"Ai na sani. Kai ka fara tayar da maganar dai, ba ni ba."

Gaskiya ya faɗa. Ni na jefa zargi a kan mutumin da ya raine ni, ya tafi kabari da shi a wuya. Abin da ya sa na zauna wannan rubutu ke nan, don kada a manta da shi, kuma kada a tuna shi da abin da ba haka yake ba.

Wanda bai san majalisarmu ba sai na yi masa bayani. Akwai wasu makaɗa da ake kira 'Yan Gindin Tsamiya: mai kukuma ɗaya, masu kalangu biyu, mai ƙwarya, da 'yan amshi uku. Duk sun daɗe da rasuwa. Ba su taɓa shiga ɗakin ɗaukar waƙa ba. A gidan biki da gidan suna suke wasa, kuma ba su taɓa yin waƙa ɗaya iri ɗaya sau biyu ba. Wadda suka yi minti goma a wani gari, a wani garin sai ta kai awa guda, mai kukuma ya bi wata hanya, kalangai su bi shi, sai can a dawo gida. Abin da ya rage na su shi ne abin da mutane suka ɗauka da rikoda a wurin wasa, da ihun jama'a da kukan yara da komai. Kawu ya tara irin waɗannan kaset sun fi sittin, ya shigo da su Sin a kwalin takalma, ya kai wani mai gyaran waya ya zuba masa su a memori. Kaset ɗin kuma bai yar ba.

Kowane wasa da sunansa. Akwai Mai Jaki, don jaki ya yi kuka a tsakiya mai kukuma ya amsa masa. Akwai Mai Ruwan Sama. Akwai Tsinkewar Tsirkiya, inda kalangai suka riƙe fili su kaɗai har aka ɗaura wata. Sarkinsu duka kuwa ita ce Doguwar La'asar, minti arba'in da huɗu, wadda Kawu ya ce yana wurin aka yi ta, kuma a cikinta mai kukuma ya ambaci sunansa.

Duk Juma'a in an sauko daga masallaci aka ci shinkafa, sai a hau ɗakinsa. Waya kowa ya jefa a cikin wani kwanon silba. In aka kunna, ba tari ba magana. In aka gama sai a zagaya, kowa ya faɗi nasa: wannan ya ce kalangun hagu ya makara, wancan ya ce amshin Mai Jaki ya fi wannan nauyi, a yi ta musu har shayi ya huce. Kawu ne na ƙarshe. In ya ce, "Ya zauna," kaset ya shiga akwati. In ya ce, "Ya tashi," mai shi ya ɗauki abinsa.

Dokarsa ɗaya ce, kuma ba ya sassauta ta: ba a sa hannu a cikin wasa. Yakan ce, "Abin da aka yi sau ɗaya a duniya ba a yi masa faci." Wani ɗalibin likitanci ɗan Maraɗi ya taɓa kawo wani wasa yana ta murna, ya ce daga kayan kakansa ya samo. Muka ji, mu duk muka yaba. Kawu ya kurɓi shayi ya ce, "Likita, garin kakanka la'asar sau nawa ake kira?" Ashe ya ji ladani biyu daban-daban a nesa, ɗaya a farko ɗaya a ƙarshe. Wasa biyu aka haɗa. Ya ce, "Ya tashi." Ɗalibin nan ya ji kunya har kunnensa ya yi zafi. Da za a watse Kawu ya riƙe shi, ya ba shi sabon takalmi ƙafa biyu, ya ce likita ba ya shiga asibiti da silifa.

Haka yake. Hukuncinsa da kaifi, hannunsa kuma a sake. Biro ɗaya yake da shi da ba a rubutu da shi, na juya zaren kaset ne, wanda ya taɓa shi zai ji a jikinsa. Yaren Sin bai wuce kalma goma a bakinsa ba, amma da su ya yi ciniki shekara da shekaru ba wanda ya cuce shi. Ni kuwa a gidansa na tashi, don iyayena sun rabu ina jariri, mahaifina kuma, tela ne a bakin kasuwa, ya rasu ina ɗan shekara goma. Yana raye, duk sallah Kawu ke kai ni in gaishe shi. In na tambayi abin da ya raba su sai ya ce, "Mahaifinka mutumin kirki ne, zama ne ya ƙare." Shi ya yi mini aure, shi ya kawo ni nan. Yana kirana Malam Bincike, don ko kuɗin mota aka ba ni canji sai na ɗaga shi a rana.

Abin ya faro ne daga wani abin sawa a kunne mai tsada da wani ɗan Sin ya ba ni kyauta. Na sa Doguwar La'asar ina cikin jirgin ƙarƙashin ƙasa. A minti na talatin da ɗaya wata mata ta ɗauki guɗa, sai guɗar ta yanke tsaf a tsakiya. Guɗa ba ta tsayawa haka, sai numfashi ya ƙare take sauka. Na mayar baya. Kalangu ma ya yi tsalle, ya bar bugu ɗaya a hanya. Na mayar sau bakwai, har na wuce tashar da zan sauka.

Da ina da hankali da na same shi shi kaɗai. Amma mai gano abu ba ya iya haɗiye shi. Juma'ar da ta biyo, aka sa ta, aka zagayo kaina, na gyara zama.

Na ce, "Kawu, an sa hannu a wannan wasan."

Kawu ya juyo. Ya ce, "An yanke?"

"An yanke, Kawu. Minti na talatin da ɗaya."

Surukinsa ya ce a mayar a ji. Aka mayar, kowa ya ji. Aminin Kawu, wani dattijo ɗan Damagaram da muke ce wa Baba, wanda suka yi yawon kasuwanci tare tun suna samari, ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Kawu ya daɗe yana kallona. Ban ga fushi a idonsa ba, kuma wannan ne ya ƙara mini zargi, don na ce mai gaskiya da ya harzuƙa.

Ya ce, "Kunnenka ya fi nawa. A zuba shayi."

Bai sake sa Doguwar La'asar ba har ya bar garin nan.

Daga ranar zance ya bazu, kowa da nasa hasashen. Surukin ya ce ai wasa biyu Kawu ya ɗinke, ya ɗauko inda aka yabe shi a wani bikin ya liƙa, don a ce babban wasan duniya da sunansa a ciki. Wani ya ce a'a, zambo mai kukuma ya yi masa, ya cire. Wani ya rage murya ya ce a bincika, da mace a lamarin. Ni na fi karkata ga maganar surukin, Allah ya yafe mini. Majalisa ta fara raguwa. In Kawu ya ce, "Ya tashi," sai ka ga an kalli juna ta gefen ido. Ɗalibin likitan nan kuwa ya daina zuwa da takalmin.

Sau ɗaya na tare shi, muna hawa gadar masu tafiya a ƙasa za mu masallaci, ya tsaya yana mayar da numfashi.

Na ce, "Kawu, ka faɗa mini ni kaɗai. Me ka cire?"

Ya ce, "Ɗan nan, ka ci abinci?"

"Kawu, mutane na magana."

"Bar su. Baki aikinsa ke nan." Ya dafa kafaɗata muka ci gaba da hawa.

Wannan ma na lissafa ta cikin hujjojina. A ɓoye na kira ƙanin matata a Kano, na ce ya bi tsofaffin masu sayar da kaset, ko akwai wanda ya kwafi wasan kafin a taɓa shi. Ya yi wata huɗu yana nema. Kwana ɗaya bayan mun naɗe tabarmin makoki sai ga shi ya turo mini ta waya, ya ce ya samo a wurin wani tsoho da ya rufe shago tuntuni. Shi bai ma saurara ba, ya ce kiɗan tsofaffi ciwon kai yake sa shi. Na duba tsawonsa: minti arba'in da bakwai.

Da hantsi ne, ina ɗakin Kawu ina haɗa kayansa. Na zauna a kan gadonsa na kai minti na talatin da ɗaya. Matar nan ta ɗauki guɗa, ta kai ta har ƙarshe. Jariri ya tsala kuka kusa da rikoda. Sai mai kukuma ya sassauta, ya shiga magana cikin waƙa kamar yadda ya saba in abu ya ɓata masa rai. Ya ce yau suna ake yi, uban ɗa bai zo ba. Ya ce tela na bakin kasuwa ya ƙirga watanni da yatsunsa ya ce ɗa ba nasa ba ne. Ya ce yaro ya ɗauko hancin tela da goshin tela, tela ya ce bai gani ba. Ya kira sunan mai jego, ya ce ta ɗaga kai, ba ita ke da kunya ba. Sunan mahaifiyata ne. Ya kira sunan jaririn. Nawa ne.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne, kafin 'yan amshi su buɗe baki, nawa bakin ya riga su. Ban san daga ina ba, na ji ina cewa:

"Rago na kawu, ɗa na kawu."

Suka shigo da ita daidai yadda na faɗa. Minti uku suna juya ta, jama'a na ihu.

Na yi kuka irin wanda ban yi ba ranar da aka aiko da rasuwar. Shekara nawa ina yabon wannan wasa, ina gardama a kan wane kalangu ya fi, ashe bikin sunana ake yi. Kuma na gane inda na samo halina. Mahaifina ya ƙirga watanni, ni na ƙirga mintoci, dukanmu a kan mutanen gida ɗaya.

Sai na tsaya tsakanin abu biyu. In na yi shiru, Kawu ya tabbata mai ha'inci a bakin mutane. In na sa musu, na buɗe abin da mahaifiyata ta rufe shekara arba'in. Na kira ta. Na yi ta kewaye-kewaye har ta ce, "Kai, faɗi abin da ke bakinka." Na faɗa mata duka, har da abin da na yi a majalisa.

Ta ce, "Kai ka yi masa haka? A gaban mutane?"

Na ce, "Ni ne, Inna."

"To ka sa musu. Ni ba ni da abin kunya a ciki, ubanka ma kafin ya mutu ya zo ya durƙusa ya nemi gafarata. Amma Yaya ba za a bar shi da wannan ba. Ka sa musu duka, kada ka rage ko ɗaya. In ka so ka rubuta ma."

Juma'ar da ta zo na aika wa kowa. Ɗakin ya cika kamar da, don an ji cewa cikakken ya samu. Surukin ya zo da wuri ya kama wuri kusa da sifika. Na miƙa kwanon silba, kowa ya jefa wayarsa.

Na ce, "Ni na ce an yanke, kuma an yanke. Ga abin da aka cire."

Baba na Damagaram ya ɗago. Ya ce, "Ɗana, bar shi. Kashe abin nan."

"Baba, mai maganar ta ba ni izini."

Ya kalle ni, ya mayar da kai ƙasa. Na kunna daga farko, don dokar ba ta yarda a tsallaka ba. Rabin awa muka zauna, kowa ya kasa kunne yana jiran ya kama ɓarawo. Da wurin ya zo, na ga fuskokin suna sauyawa ɗaya bayan ɗaya. Da aka kira sunan jaririn, surukin ya juyo ya dube ni. Ɗalibin likita ya cire hularsa ya rufe fuska da ita. Aka kai ƙarshe, ba wanda ya yi batun kalangu.

Baba ne ya yi magana. Ya ce, "Ni na riƙe rikodar ranar nan. Kawunka ne ya sayi ragon, shi ya kira makaɗan, ya ce 'yar'uwarsa ba za ta yi suna kamar makoki ba. Bai sa a yi wannan waƙar ba, mai kukuma ne ransa ya ɓaci. Kaset ɗin yana nan cikakke a gida har ka kai shekara huɗu. Wata rana muna zaune a zaure sai ga ka ka fito da gudu, kana tsalle kana rera amshin nan, kana murna, ba ka san me kake cewa ba. Kawunka ya miƙe. Ya aika aka sayo reza da salatif. A gabana ya zaro zaren ya yanke, ya haɗa, ya ƙona guntun a murhun mai shayi. Mutumin da ko ƙura ba ya yarda ta hau kaset."

Na ce, "Baba, kana zaune ranar da na tozarta shi. Me ya hana ka magana?"

"Na bi shi bayan an watse, na ce bari in gaya wa yaron nan. Ya riƙe mini hannu ya sa na rantse."

"Me ya ce?"

Baba ya ajiye carbinsa a kan gwiwa. "Ya ce, 'Na san halinsa, in ya ji sai ya bincika. Gara ya zarge ni da ya zargi uwarsa ko na rana ɗaya.'"

Wannan shi ne kawuna. Ku da kuka ji zargin daga bakina, ga gyaransa daga hannuna, don Allah ku isar da shi duk inda wancan ya kai. Ya Allah, ya rufa mana asiri muna jarirai, ya sake rufawa muna da furfura, ka rufa masa nasa ranar da ba mai rufawa sai kai. Ka yalwata kabarinsa, ka sa ya huta. Ni kuma ka sanar da shi abin da ban samu na faɗa masa ba: Kawu, na ji, ka yafe mini.